Mutuwar Da Malam Barau Ya Ƙi Karɓa Ta Waya

Azumin bana shekara biyar ke nan cif da rasuwar aminina Malam Ilu na Mabai, Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Na ce ya huta ne don haka ake cewa, amma duk wanda ya san Malam Ilu ya san hutu ba ya cikin abubuwan da zai roƙa. Mutum ne da in ya yi kwana ashirin bai leƙa wani gari ba, sai ka same shi yana zagaya rumbu yana yi wa kaji faɗa.

Kafin in yi nisa bari in faɗi ko ni wane ne, kada wani mai digiri ya wahalar da jan bironsa. Sunana Dabo, mai gyaran keke a Ƙanƙara, ko in ce tsohon mai gyaran keke, tunda babur ya tashe mu aiki. Bokona aji huɗu ne, na huɗun ma ban ga ƙarshensa ba. Saboda haka in kun ga waƙafi ya zauna inda bai dace ba, ku tsallake shi ku wuce, kamar yadda kuka saba tsallake gidajen danginku.

Kwanan baya na ji wata baiwar Allah a rediyo tana bayani, wai tun bayan korona mutane sun canza yadda suke yawon buɗe ido. Ta yi ta faɗi da murya mai zaƙi kamar wadda ta gano sabon gari. Na ce da rediyon, yarinya, canzawa kam sun canza, amma ba ki faɗi abin da suka yar a hanya ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Mu a da yawon kaka muke ce masa. Da an gama kai dawa rumbu, an kakkaɓe hannu, sai in ji ƙararrawar keken Malam Ilu a ƙofar shagona.

"Malam Dabo, rufe wannan kangon, ba komai cikinsa sai tsatsa."

"Ina muka nufa?"

"Inda muka je bara. Halan an matsar da garuruwan?"

Sai in rufe. Mu kwana biyu a Pauwa, mu gangara Tafoki, mu shiga Faskari, mu ƙare a Sabuwa. Ba biki, ba suna, ba ta'aziyya, ba cinikin komai. In wani ya tare mu ya ce lafiya dai, sai Malam Ilu ya ce lafiyar ce ta kawo mu, da babu ita ai da muna kwance. A bayan kekensa akwai ƙullin daddawar da matarsa ta yi, da kwano biyu uku na sabon gero, wani lokaci da zakara ɗaure yana ta ƙorafi tun daga Mabai. Ni kuma aikina famfo da faci. Shekara sama da talatin muna wannan, ban taɓa jin ya kira shi shaƙatawa ba. Cewa yake za mu je mu ga ko mutane na nan.

A kowane gari akwai gida guda da muke sauka, shi ne masaukinmu, kuma yawanci gadonsa aka yi. Ba a aika saƙo kafin a zo. Malam Ilu ya ce mai aika saƙo so yake a yanka masa kaza, shi kuwa abin da gida ke ci ranar da ba a san da zuwan kowa ba shi yake son ci, don nan ake sanin halin da amini ke ciki. In ya ga tuwon ya yi ƙanƙanta, ba ya cewa komai, amma bayan mako biyu sai ka ji jaki ya tashi daga Mabai da kaya. Mai masauki kuma ba ya tambayar baƙo yaushe zai tafi. Da safe a zagaya da kai ka ga rumbu, ka ga tumaki, ka kushe su son ranka, shi ma ya ajiye nasa sai ranar da ya zo gidanka. Ran tafiya a raka ka har bayan gari, wani har sai ka roƙe shi ya koma.

Babban masaukinmu shi ne gidan Malam Barau a Sabuwa. Wannan zumunci ya girme mu duka. Mahaifin Malam Ilu ne jakinsa ya karye a hanyar kai auduga, mahaifin Malam Barau ya tsince shi ya kai shi gida, tun daga nan gidajen biyu suka ɗinke. Malam Ilu ya je da kaka, Malam Barau ya zo Mabai da bazara kafin ruwa ya sauka. In suka haɗu kuwa ba ka jin komai sai tsiya. Malam Barau ya ce geron Mabai da yashi uwarsu ɗaya. Malam Ilu ya ce mutanen Sabuwa sun ci masara har sun fara cara da asuba. Ni ina gefe ina cin tuwon duka biyun.

Sai shekarar korona ta zo. Aka rufe hanya, aka rufe kasuwa, aka ce kowa ya zauna inda yake. Cikin azumin nan Malam Ilu ya kwanta da zazzaɓi, kwana shida Allah Ya karɓi abinsa. Ko korona ce ko ba ita ba ce, ba wanda ya gwada, ajali dai ya zo. Mutumin da ya ci tuwo a gari sama da goma, sahun jana'izarsa bai cika uku ba. Ba laifin kowa, lokacin haka ya zo.

Da aka dawo daga maƙabarta babban ɗansa Nura ya zauna da waya yana sanar da mutane. Ina zaune kusa da shi ya kira Sabuwa, aka miƙa wa Malam Barau.

"Baba, Nura ne, ɗan Malam Ilu. Allah Ya yi wa Baba rasuwa yau da safe."

Nura ya duba ko wayar ta yanke. Can sai muka ji muryar tsohon.

"Nura, ni ban san ana mutuwa cikin waya ba. Ranar da ubana ya rasu, ni na tako har Mabai na durƙusa gaban kakanka na faɗa mashi. Ranar da kakanka ya rasu, ubanka ya zo nan cikin ruwan sama, laka har gwiwa. In an buɗe hanya, a zo zaurena a faɗa mani."

Ya miƙa wa mai wayar abinsa. Muka ce ai gaskiya ya faɗa, da an buɗe hanya za a je.

Aka buɗe hanya. To a nan ne labarin yarinyar rediyo ya fara.

Korona ta koya wa mutanenmu karatu guda, kuma sun haddace shi fiye da karatun allo. Karatun shi ne, ashe za ka iya cewa baƙo kada ya zo, gari ya waye lafiya, ba wanda ya zage ka. Da can ba wanda ya taɓa gwadawa. Da aka gwada aka ji daɗinsa, shi ke nan. An cire takunkumi, an daina gaisawa da gwiwar hannu kamar 'yan dambe, man goge hannu ya ƙare a kwalba, amma ɗakin baƙi bai sake buɗewa ba. Na masaukinmu na Pauwa yanzu shagon cajin waya ne, an fasa masa ƙofa ta waje. Wani da na sani a nan Ƙanƙara ya cika nasa da buhunan taki. Taki dai ba ya cin tuwo.

Kada ku ce tafiyar aka daina. Ina! Ban taɓa ganin lokacin da mutane ke yawo kamar yanzu ba. Kamar an kwance awaki. Kowa cewa yake kulle ya nuna masa rai ba tabbas, gara ya ga duniya. Madalla. Sai dai duniyar da suke gani babu mutum a cikinta. Mu wurin mutane muke zuwa, garin ya biyo baya. Su wurin gini suke zuwa, da ruwa, da fitila mai launi, mutum kuwa in ya shigo cikin hoton sai a ce ya ɗan matsa.

Ɗiyata Hajara da mijinta suka tafi Kano hutun Sallah, kwana uku. Ƙanwar mahaifiyarta na can da gidanta mai ɗakuna, matar da ta goye ta, ta yaye ta. Suka sauka otal. Na ce don mi? Ta ce, "Baba, ba mu son takura mata." Takura! Matar da kika yi wa fitsari a baya shekara biyu ba ta ce kin takura mata ba, sai yanzu da kika iya wanke hannu. Na ce to mi kuka yi kwana ukun? Ta nuna mani a waya. Wani katafaren kanti ne mai matattakala da ke tafiya da kanta. Sun hau sun sauka, sun hau sun sauka. Ga mijin nan, mutum da gemunsa, ya riƙe ƙarfe yana murmushi kamar an naɗa shi hakimi. Inna kuwa sun kira ta ran dawowa, suna tasha, suka ce sun so su leƙo lokaci ya ƙure.

Wanda ma ya daure ya ce zai ziyarce ka, sai ya bugo tukuna. Ina nan zuwa ƙarfe huɗu. Kamar mai zuwa karɓar allura. Ya zo, ƙafa ɗaya a zaure ɗaya a mota, da gorar ruwansa a hannu, don tun korona ruwan randar mutane ya zama abin tsoro. Malam Ilu ya sha randar kowane gida daga nan har Sabuwa, in ka rufe masa ido ka ba shi moɗa zai faɗa maka rijiyar. Na yanzu kuwa kafin a dama fura ya miƙe, wai yana son ya koma da wuri. Ran Sallah kuma a haɗa dangi a bidiyo, kowa ya fito ɗan mitsitsi kamar kan sarki, ana ta kuna jina, kuna jina, har a gaji a kashe. Wai an yi zumunci.

Na kan zauna in ce da Malam Ilu zai leƙo ya ga wannan, mi zai ce? Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai karɓi wayar, ya juya ta, ya kalli hoton otal ɗin da farin zanen gadonsa, ya ce, "To wa ya yi maku tuwo?" A ce masa saye aka yi. "Wa ya raka ku?" A ce ba kowa. Sai ya miƙa wayar ya ce, "Allah sarki. Ashe korar ku aka yi daga gida."

Na san abin da za a ce mani: hanya. Wannan ban raina shi ba, kuma ba zan yi wasa da shi ba. Mu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba sai an ba mu labari ba, mun binne namu, mun ga ƙauyukan da suka tashi. Hanyar dajin da muke bi da keke, yau ko ni da wautata ba zan bi ta ba. Wanda tsoro ya zaunar, ko wanda aka raba da gidansa, ba da shi nake ba, Allah Ya kawo mana sauƙi. Da wanda nake shi ne mai bin hanyar nan in akwai riba a ƙarshenta, ya tuna da haɗarinta in tsoho ne a ƙarshenta. Nura ɗan kasuwar hatsi ne, ba ya wata guda bai je Ɗandume sayen masara ba. Daga Ɗandume zuwa Sabuwa kuwa, in ka yi atishawa mai ƙarfi za a ce maka yarhamukallahu.

Yaron ba mugu ba ne, kada a fahimce ni a karkace. Yana riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa, ni ma bai taɓa wuce ni bai durƙusa ba. Ciwon zamani ne kawai ya kama shi.

Kowace kaka, direban da ke ɗauko masara daga Sabuwa sai ya tsaya ƙofar shagona ya ce, "Baba, tsohon nan Malam Barau ya ce a gaya wa Malam Ilu an share ɗaki." Shekarar farko muka yi dariya, muka ce gigin tsufa ya fara. Ta biyu na ce da Nura ya kamata a je, ya ce in sha Allahu. Ta uku ban ma gaya masa ba. A nan dole in sa kaina cikin layi. Na ce wa raina wannan aikin magaji ne, ni ɗan rakiya ne mai famfo. Na ce gwiwa. Na ce hanya. Gaskiyar ita ce ni ma na haddace karatun nan na korona, na ji daɗin zama. Kuma ban san yadda zan shiga zauren nan ba tare da na ji ƙararrawar keke a gabana ba.

Kakar da ta wuce saƙon ya canza. Direban bai ko kashe mota ba, ya leƙo ya ce, "Baba, tsohon nan fa ido ya tafi, masallaci ma sai an riƙe shi. Ya ce a gaya wa Malam Ilu in zai zo shi hanzarta."

Washegari na tafi shagon Nura. Na same shi ya dawo daga Legas, yana nuna wa abokansa hoto. Ya naɗe wando a bakin ruwa, da baƙin tabarau.

"Baba, zo ka ga teku."

"Na gani. Ya iyalinshi?"

"Iyalin wa?"

"Tekun. Na ji kwana biyar ka yi wurinshi, na ce halan ɗan'uwan babanka ne."

Abokan suka kwashe da dariya, shi bai yi ba. Ya ja ni gefe.

"Baba, in maganar Sabuwa ce, tsohon nan ya sani. Da bakina na gaya mashi."

"Da bakin waya dai."

"To mi ne bambancin?"

"Ban sani ba, ajina huɗu. Mu je ka tambaye shi, tun yana iya ba ka amsa. In ya mutu yana jiran ubanka, ni da kai ne muka bar shi tsaye a ƙofa shekara biyar."

Ya juya makullin mota a hannu. Ya ce, "To, jibi. Amma je ka dawo ne, Baba. Kafin la'asar muna hanya."

Muka zagaya ta Funtuwa da Ɗandume, muka isa da hantsi. Zauren na nan yadda na san shi, sai dai mai zauren ya ragu. Malam Barau da ke ɗaga buhu shi kaɗai, ga shi kan buzu kamar an jingine sanda. Na yi sallama. Ya karkata kai.

"Wannan muryar mai faci ce. Kai har yanzu kana nan? Allah mai iko, Ya bar tsatsa. Na ji mota, Malam Ilu kuwa ba shi zuwa da mota. Ina ka baro shi?"

Na taɓa kafaɗar Nura. Ya durƙusa gaban tsohon. Yaron nan da ya kira mutum hamsin a yini guda yana faɗin magana ɗaya ba gargada, sai ga shi ya buɗe baki abu ya ƙi fita. Ya sake buɗewa. Malam Barau ya lalubo hannunsa ya riƙe, bai taimake shi da kalma ko ɗaya ba. Jira kawai yake.

"Baba," in ji Nura, "Babana ya rasu."

Sai ya fashe da kuka, irin wanda ban ga ya yi ba ko ranar jana'iza.

Malam Barau ya yi salati, ya ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Sannan ya fara tambaya, a hankali, kamar jiya abin ya faru. Wace rana ce cikin azumin? Ya sha wuya? Wa ya wanke shi? An sa shi kusa da ubansa? Mi ya ci na ƙarshe? Wasu Nura ya amsa, wasu ni na amsa. Na ƙarshen ba wanda ya sani cikinmu, sai da aka kira mahaifiyar Nura, ta ce kunun tsamiya ne, cokali uku. Tsohon ya ce, "Na geron Mabai? Allah sarki, har ƙarshe yashi."

Ya sa aka kira maƙwabta. Kafin azahar zaure ya cika, dattawan unguwa na shigowa ɗaya bayan ɗaya suna yi wa Malam Barau gaisuwa suna yi wa Nura, mata na kuka a cikin gida. Mutanen da suka san Malam Ilu da tsiyarsa, kowa da abin da zai tuna. Liman ya yi addu'a mai tsawo. Sahun da bai samu ba a Mabai, ya same shi a Sabuwa bayan shekara biyar.

Da aka ɗan watse na matsa kusa na ce, "Malam Barau, tsakaninka da Allah, duk shekarun nan ba ka yarda ya mutu ba?"

"Kai dai wawa ne tun kana saurayi. Wa ya isa shi ƙi mutuwa? Tun ranar da yaron nan ya bugo ban yi salla ban sa Malam Ilu ciki ba. Aiken ne na ƙi. Ina son in gani ko akwai sauran mai ƙafa a gidan."

Sannan ya juya wajen Nura. Ya ce ɗakin da kakanka ya kwana, ubanka ya kwana, yau naka ne, a kai kayanka. Na ga yaron ya saci kallon agogo. Idonsa ko bushewa bai yi ba, amma agogon ya kalla. Ya ce wallahi Baba da ya so, sai dai gobe zai kai iyali Abuja hutu, an riga an kama ɗaki, yara sun ƙwallafa rai. Ya ce zai dawo musamman. Ya matso ya dafa kafaɗar tsohon, ya ɗaga waya sama.

"Mi yake yi?" in ji Malam Barau.

"Hoto yake ɗaukar ku."

"To shi ɗauka. Shi ba shi da nauyi."

Kafin la'asar motar ta tashi, kamar yadda aka yi alkawari. Ni na ce ba inda za ni. Daga baya Hajara ta nuna mani hoton, Nura ya ɗora a waya duniya na gani, an rubuta ziyara mai tarihi, mutane na ta sa albarka. Na ce lallai, tarihi kam an kai shi maƙabarta an dawo.

Kwana uku na yi. In kun tambaye ni mi muka yi, ba komai. Muka ci tuwon masara da miyar kuɓewa. Aka zagaya da ni na ga rumbu, na ce wannan ai ko ɓera ya shiga sai ya fito da ƙorafi, tunda mai faɗin haka ba ya nan. Tsohon ya yi dariya har da tari. Muka lissafa waɗanda suka mutu, muka ga sun fi waɗanda suka rage, muka koma kan masu rai muka yi gulmarsu. Rabon da in yi barcin rana mai daɗi irin na zauren nan, tun kafin a san korona.

Yanzu da nake wannan rubutu ina auna abin da ya saura na Malam Ilu. Gonarsa an raba. Kekensa na rataye a shagona, ba mai so. Hanyarmu daji ya cinye rabi, otal ya cinye rabi. Nura bai koma Sabuwa ba tukuna, ko da yake na ji ya tambayi direba lafiyar tsohon sau biyu, kuma ba zan ce wannan ba komai ba ne. Abin da na tabbata ya saura shi ne wanda na gani da idona: akwai gari mai nisa da gidansa inda mutum ya ƙi yarda a sallame shi da ƙarar waya, ya riƙe masa wuri shekara biyar. Masu hawa matattakala su faɗa mani a wane otal za a yi masu haka.

Ran da zan taho, Malam Barau ya sa aka riƙe shi har ƙofar gida. Ya kama hannun rigata.

"Mai faci, saura ni da kai. In na riga ka, wa zai zo shi faɗa maka?"

Na ce, "Ɗiyanka mana. Suna da lambata, za su bugo."

Ya ce, "Kada ka ɗauka."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya sa na ce na yi alkawari, a gaban babban ɗansa, don shi ma ya ji.

Shekaranjiya da hantsi wayata ta yi ƙara, na duba, lambar Sabuwa ce. Ta yi ta yanke, ta sake yi, har sau uku. Hajara na gidan, ta ce Baba ka ɗauka mana, ko lafiya. Na ce in gaisuwar azumi ce, ta iso, na amsa daga nan. In kuwa ɗayar ce, ɗiyan Malam Barau sun san hanyar Ƙanƙara. Na fitar da benci ƙofar shago, na sa an ƙara hatsi a kunun buɗa baki. Yau kwana biyu ke nan, duk motar da ta rage gudu sai na miƙe.